Yaɓen kwamfuta a hoton tsuntsaye da barewa: me ya sa nawa ke fitowa kamar an watsa masa laka?

Ɗan Zango:

Assalamu alaikum malamai da yayyena. Tambayata kan abin nan ne da ake ce wa tekstur, wato a ɗauko hoton bango ko tsohuwar takarda a shimfiɗa shi kan hoton dabba har ya koma kamar zanen hannu. Hotuna uku ne a hannuna: shamuwa tsaye kan sheƙarta a bishiyar gawo da damina, balbela a bakin tabkin Gidimuni cikin hazon hunturu, sai barewa tsaye cikin yashi. Kyamarar mai megafiksel 24 ce, gilashinta 70 zuwa 300, kuma Photoshop ɗina na Faransanci ne.

Cikin salon haɗa tekstur da hoto na Photoshop, na sa Produit, balbela ta koma ruwan ƙasa. Na sa Superposition, wanda na ɗauka shi ne Overlay da ake faɗa a darussan YouTube, shamuwa ta yi furfura. Da na goge tekstur ɗin daga jikin tsuntsun, sai ya zama kamar an yanko shi da almakashi an liƙa. Barewa kuwa ta ɓace cikin bangon. So nake in buga su santimita 30 a 40. A taimaka.

Malam Mai Kyamara:

Wa alaikumus salam ƙanena. Mu kira abin nan yaɓe, don aikinsa ɗaya da na magini, kuma magana za ta fi sauƙi: akwai yaɓe mai kauri, akwai shafe na sama-sama.

Ruwa ba ya tsami banza. Kuskuren farko na suna ne. A Photoshop na Faransanci, Superposition ba shi ne Overlay ba, shi ne Screen. Overlay sunansa Incrustation, Soft Light kuma Lumière tamisée. Abin da ke ƙara rikita mutane, a GIMP, wata manhajar gyaran hoto, na Faransanci Superposer shi ne Overlay, Screen kuma Écran. Ka ga wanda ya koya a ɗaya ya koma ɗayan dole ya yi tuntuɓe.

Yanzu ga abin da kowanne ke yi, don in ka gane lissafin ba za ka riƙa cacar danna wannan danna wancan ba. Kowane ɗigo na hoto yana da lamba daga 0, baƙi ƙirin, zuwa 255, fari fat. Produit ninkawa yake yi ya raba da 255. Gashin balbela mai 245 ya haɗu da bango mai 150, sakamako 144: ga ruwan ƙasar da ka gani. Shi wannan salon ba ya taɓa ƙara haske, duhu kawai yake ƙarawa, fari ne kaɗai ba ya barin alama a cikinsa. Superposition kishiyarsa ne. Bayan shamuwa mai 30 ya haɗu da wannan bango mai 150, sai ya tashi zuwa 162, furfurar ke nan. Su kuwa Incrustation da Lumière tamisée, toka-toka na tsakiya, wato 128, shi ne ba ya barin alama. Abin da ya fi 128 yana haskakawa, abin da bai kai ba yana duhuntawa. Don haka su biyun ne kayan aikin yau da kullum, muddin ka shirya yaɓen ya zauna a tsakiya.

Amma kafin yaɓe, gyara hoton kansa. Hoton hazo ba shi da baƙi ba shi da fari, komai ya taru a tsakiya. Danna Ctrl da L ka buɗe Niveaux, za ka ga tudun ya tsaya a tsakiya, hagu da dama fili. Jawo ɗan kibiyar hagu zuwa inda tudun ya fara, ta dama ma haka, amma ka tsaya kafin farin gashin balbela ya wuce 245, in ba haka ba layukan gashin za su ƙone kuma ba mai dawo da su. Hazo yana sa rawaya a komai, ka rage ta kaɗan. In akwai ƙurar ISO mai yawa, wato ɗige-ɗigen da kyamara ke yi in an ƙara mata ƙarfin kama haske, a bayan hoton ka share ta yanzu, domin Incrustation zai ninka ta. Duk wanda ya ɗora yaɓe kan hoton da bai tashi ba, gyaran gangar Abzinawa ya yi.

Shirya yaɓen haka. Ka shimfiɗa shi sama da hoton, ka ja shi ya rufe ko'ina. Ctrl, Shift da U, launinsa ya fita. Sannan Filtre, Divers, Passe-haut, ka sa tsakanin fiksel 60 da 100. Wannan matakin mutane da yawa ke tsallakewa, alhali shi ne ke kashe bambancin hasken da ke cikin hoton bangon, inda gefe ɗaya rana ta fi bugawa, ya bar maka kaushin kaɗai a kan toka-toka 128. Sai ka juya shi Lumière tamisée, kauri kashi 40 zuwa 60 cikin 100. In ka ga bai isa ba, koma Incrustation amma ka sauko kashi 20 zuwa 35, don shi mai zafin hannu ne.

Launi kuma ka ba shi shimfiɗarsa daban. Kwafi yaɓen na asali mai launi, ka dusashe shi da Flou gaussien har kaushin ya ɓace, ka sa shi a Couleur kashi 15 zuwa 25. Amfanin rabawar, in launi ya yi yawa ka rage shi ba tare da ka taɓa kaushi ba.

Produit bai zama haramun ba. Wurinsa gefuna da kusurwoyi, da sararin sama da ya fito fari babu komai, irin na bayan sheƙar shamuwarka. Gawo da damina ba ganye, rassa ne tsirara a kan farin sama, kuma irin wannan hoton shi ne ya fi kowanne karɓar yaɓe, don fili ne a buɗe yana jiran abin da za a sa masa.

'Yar Birni:

Malam ya gama da lissafi, bari in ɗauki zancen almakashi.

Ɗan'uwa, dalilin da ya sa tsuntsun ya zama kamar liƙi shi ne yaɓe abu biyu yake kawowa, kaushi da launi. Da ka goge shi gaba ɗaya daga jikin shamuwa, ka cire mata duka biyun, sai ta zauna da hasken ranar da aka ɗauke ta, bayanta kuma ya koma wata duniya. Ido yana kama wannan nan take ko mutum bai san hoto ba.

Da farko ka ajiye abin gogewa. Marufi ake sawa, masque de fusion, ka yi fenti da baƙi inda kake son ɓoye yaɓe, in ka wuce gona da iri ka juya fari ka maido. Buroshi mai laushi, taurinsa sifili, ƙarfinsa kashi 15 zuwa 20, ka riƙa maimaitawa a hankali. Daga ido za ka fara. Ido da baki da fuska a cire kaushi duka. Shamuwa lokacin sheƙa fuskarta shuɗiya ce da ɗan ja kusa da ido, wannan ɗan wurin shi ne ran hoton, tsagar bango ko ɗaya kada ta ratsa shi. Wuya da ƙirji ka bar kamar kashi 20 na kaushin, fukafukai 30 zuwa 40, ƙafafu da jela da sheƙar ma ka bari su nutse cikin yaɓen sosai. Mai zanen hannu ma haka yake yi, yana ƙawata kai ya bar sauran jiki da 'yan layuka.

Marufin nan a shimfiɗar kaushi kaɗai za ka sa shi. Shimfiɗar launi da Malam ya ce a ware, ka bar ta ta rufe tsuntsun da bayansa baki ɗaya, ita ce ke ɗinke su. In kuwa yaɓe ɗaya ka yi amfani da shi ba ka raba ba, to ga dabara: zagaye jikin tsuntsun daga ciki, ka tausasa bakin zagayen da fiksel 30 zuwa 50, sannan a kan shimfiɗar yaɓen ka sa Flou gaussien kamar 40. Kaushi ya tafi, launi ya zauna.

Kada fentinka ya fita wajen jikin dabba. In ya fita, wani farin zobe zai kewaye ta kamar wata ya yi lema. Gara yaɓe ya hau kan gefen gashi da fiksel kaɗan da a bar rata. Don ka gani da kyau, riƙe Alt ka danna kan marufin, zai fito baƙi da fari, duk inda hannunka ya kauce za ka gan shi.

Barewa kuma matsalarta ba ta marufi ba ce. Jikinta launin yashi, ka kawo bangon laka mai launin yashi, ina za ta fito? Allah ma don ta ɓuya ya yi mata wannan launi. Ka nemo abin da ya saba mata: tsohon zane rinin shuni da ya koɗe, ko toka-toka mai sanyi. Shuɗi a baya, ja-ja-jan jikinta zai taso da kansa. Ka kuma ƙara ɗan duhu a ƙasan cikinta da inda kofato ya taɓa yashi, in ba haka ba za ta yi kamar tana shawagi.

Akwai dabbobin da ni a ganina ba sa son kaushi ko kaɗan a jikinsu. Zabo da ɗige-ɗigensa, raƙumin dawa irin na Kure da zanensa: sun zo da adonsu, kowane ƙari hayaniya ne. A yi musu yaɓe mai santsi a baya kawai.

Baduku:

Ba a tambayi inda ya samo yaɓen ba, kuma ina zargin daga intanet ne. Yawancin na kyauta faɗinsu fiksel 1000 ne ko ƙasa. Hotonka 6000 a 4000 ne. Ka ja ƙaramin abu ya ninka sau biyar ko shida, dole ya fito dishi-dishi da 'yan murabba'ai, a waya ba za ka lura ba, a takarda kuwa sai ka rufe ido. Ga kuma zancen izini: da yawa an yarda ka yi wasa da su ne, ba ka sayar ba. In ba ka ga an rubuta CC0, wato an sake shi ga kowa, ko izinin kasuwanci a fili ba, kada ka sa shi a abin da za ka karɓi kuɗi a kai.

Kuma mutumin Damagaram da sayen hoton bango! Zagaya Birni da safe. Tsohon yaɓen laka mai ɗan ciyawa a ciki, bangon da aka shafe da makuba ya yi duhu, duwatsun nan namu masu ƙyalƙyalin tsakuwa, tsohuwar ƙofar kwano da tsatsa ta ci. Je majema ka nemi fatar akuya da aka jeme ba a rina ba, bayanta mai gashi-gashi ya fi fuskarta kyau ga wannan aiki. Takardar buhun siminti, a jiƙa ta, a dunƙule, a warware ta bushe a inuwa, tana ba da tsohuwar takarda da ta fi ta saye. Gindin tukunyar Mirya da wuta ta lasa yana ba da baƙi mai hayaƙi, ya dace da gefuna. Lakar tabki da ta tsattsage da rani tana da kyau, amma tsagarta manya ce, sai a kusurwa.

Yadda ake ɗauka: kyamara ta fuskanci bangon daidai, kada ta karkata, in ta karkata gefe ɗaya zai fito da kaifi ɗayan ya dushe. Buɗin gilashi f/8, ISO 100, ka tsaya kamar mita ɗaya da rabi. Hasken da ke zuwa daga gefe, na hantsi ko na bayan la'asar, shi ke fito da ƙurajen bango. Na tsakar rana yana kashe su ko ya yi inuwa mai kaifi. In kana son shafe mai laushi, ɗauka a inuwa. Kowane bango ka ɗauke shi sau uku, nesa da tsakiya da kusa, saboda girman kaushi dole ya dace da girman dabba: tsakuwar da ta fi idon tsuntsu girma ta ɓata hoto.

Abu uku a kiyaye. Bangon da ke da zanen dagi ko wani ado da ake ganewa ba yaɓe ba ne, hoto ne na biyu, zai yi kokawa da dabbar. Saƙa mai ƙananan layuka, kamar buhu ko tabarma, tana haifar da wasu raƙuman layi masu rawa idan aka rage girman hoto. Sannan allo ko takarda mai rubutun Alƙur'ani, ko da an wanke ya rage alama, a bar shi, ba a san inda bugun zai ƙare ba. Kuma ka yi sallama ka nemi izinin masu gida kafin ka auna musu bango da kyamara.

Ɗan Zango:

Allah ya saka da alheri. Gaskiya ne Baduku, faɗinsa 900 ne. Na sa takardar siminti a Lumière tamisée kan shamuwa, ta zauna. Saura biyu: in babu wuta, ana iya yin wannan a waya? Kuma zancen bugu fa?

'Yar Birni:

Ana iyawa, amma da iyaka. A manhajar Snapseed ka buɗe hoton dabbar, ka shiga Double exposition, ka ɗauko yaɓen, ka zaɓi salo, ka rage kauri. Marufin ne a ɓoye: bayan ka amince, danna alamar shimfiɗu da ke sama, ka shiga jerin gyare-gyaren da ka yi, ka taɓa Double exposition, ka zaɓi buroshi. Matakansa 0, 25, 50, 75 da 100 ne kawai, don haka fuska 0, jiki 25, baya 75 ko 100. Ba za ka iya raba launi da kaushi a mataki ɗaya ba, sai dai ka mai da yaɓen baƙi da fari tukuna ka ajiye, sannan ka shigo da shi. Ka duba saitin fitarwa kada ya rage girman hoto, ka sa inganci 100. Ya isa Facebook da ƙaramin bugu. Na 30 a 40 kuwa ka jira wuta.

Mai Ɗab'i:

Ga lissafin bugu. Santimita 30 a 40, a ɗigo 300 kowane inci, yana son fiksel 3543 a 4724. Hotonka in ba ka yanke shi da yawa ba ya wadatar. Sai dai gilashin 300 da tsuntsu, na san an yanke. In abin da ya rage ya kai 2400 a 3200, ɗigo 200 ke nan, kuma ya isa abin da za a rataya a bango a kalla daga nesa. Nan yaɓe yana da wata fa'ida da ba a cika faɗa ba: ka fara ƙara girman hoton dabbar zuwa girman bugu, sannan ka ɗora yaɓe mai cikakken girma. Kaifin kaushin yana rufa wa laushin hoton asiri. Amma idon da bai fito da kaifi ba tun a kyamara, babu yaɓen da zai cece shi.

Bugu yana fitowa da duhu saboda allon kwamfuta fitila ne, takarda kuwa hasken ɗaki take jira. Wanda ke gyara da allo a ƙure yana ganin haske inda babu. Ka rage hasken allon zuwa kusan rabi, kuma kada ka dogara da ido kaɗai: ɗora kibiya kan bayan shamuwa ka karanta lamba. Duk abin da ya yi ƙasa da 15 ko 20 zai fito baƙi ɗaya, babu gashi babu komai. Ɗaga shi kafin ka kawo.

In hoton daga RAW ne, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ta ɗauka, yi aikin a bit 16. A bit 8 matakai 256 ne kawai, shimfiɗu huɗu ko biyar a kan sarari mai santsi sai ka ga ya rabu layi-layi kamar matakala. Ajiye na aiki a PSD da shimfiɗunsa, kana yi kana danna Ctrl da S saboda ɗaukewar wuta. Na bugu kuma ka haɗe shi, sRGB, TIFF ko JPEG mafi inganci. Kawo shi a kile, wato USB, ko in ta WhatsApp ne ka tura shi a matsayin takarda, don in ka tura shi a matsayin hoto za a matse shi, kuma kaushin nan da ka sha wahala a kansa shi ne farkon abin da matsi ke cinyewa.

Takarda marar sheƙi ta fi. Mai sheƙi tana mai da aikin hoton biki, ga ƙyalli yana hana ganin wuraren duhu. In a kan yadi za a buga, rage kaurin yaɓe da kusan kashi ɗaya cikin uku, saboda yadin yana da saƙarsa. Injin buga tallar leda kuwa ba na wannan aiki ba ne, shunin da 'Yar Birni ta ba ka shawara zai iya komawa shanshanbale ko ya mutu. Kafin babban bugu, yanko wurin kai da ɗan bayansa a ainihin girmansa, a buga maka 10 a 15, ka fita da shi ƙofa ka duba da hasken rana.

Malam Mai Kyamara:

Ƙari ɗaya, tunda an kai ga fitarwa. Hoton da aka yi wa yaɓe ya tashi daga shaida ya koma zane, to a faɗa. Gasannin hoton namun daji, har da babbar nan ta gidan tarihin halittu na Landan, ba sa karɓar hoton da aka ƙara masa abin da babu shi a wurin, kuma suna neman RAW na asali su gwada. Haka in masu kula da gandun Termit da Tin Tumma, wanda aka kafa a 2012, ko wasu masu ƙidayar tsuntsaye suka nemi hoto, na asali za ka ba su, da ranarsa da wurinsa.

Ban yarda da Baduku ɗari bisa ɗari ba kan lakar tabki. Ga balbela a bakin ruwa tana iya cika ƙasan hoton duka, in aka dusashe ta da fiksel 3 ko 4 aka sa ta a Produit kashi 25, marufi kuma ya ɗauke ta a hankali daga gwiwar tsuntsun zuwa sama. Gwada ka sa mana nan mu gani, tare da na asalin a gefensa.